Kafin Ka Sayi Kyamara Mai Ido Biyu

Duk wanda sha'awar ɗaukar hoto da fim ta kama, ba ya jimawa sai ya yi kiciɓis da wata 'yar baƙar akwati mai idanu biyu, ɗaya bisa ɗaya, wadda ake ratayawa a wuya a leƙa ta sama kamar mai duba ruwan rijiya. Masu harkar hoto suna kiran irinta TLR, wato kyamara mai ido biyu. Abin da ke rikita mai saye shi ne kamarsu ɗaya. A jera Rolleiflex ta Jamus, Yashica ta Japan, Flexaret ta tsohuwar Cekoslobakiya da Seagull ta Sin, wanda bai sani ba sai ya rantse uwa ɗaya uba ɗaya suke, alhali kuɗin wata ya ninka na wata sau da dama. Daga nan sai a tambayi wace ce ta fi, a tsunduma musun sunaye. Ni a ganina tambayar ta yi sammako. Mafi yawan waɗannan kyamarori sun haura shekara 50 a duniya, kuma abin da shekarun suka yi wa wadda ke hannunka ya fi sunan da ke goshinta tasiri a kan hoton da za ta ba ka.

Ba za a gane haka ba sai an san yadda take aiki. Idon sama na leƙe ne kawai. Haske ya shiga ta cikinsa, ya bugi wani madubi da ke kishingiɗe a kan digiri 45, ya hau sama ya sauka a kan allon gilashi mai dushi-dushi, a nan kake ganin abin da za ka ɗauka. Idon ƙasa shi ke da aiki. A cikinsa kafar haske take, wadda ake ƙara wa faɗi ko a rage, da shota, wato 'yar ƙofar nan da ke buɗewa ta rufe cikin ƙiftawar ido. An ɗaure idanun biyu a kan faranti ɗaya, in ka murɗa fokas, wato mamurɗin saita kaifin hoto, su yi gaba tare, su yi baya tare. Ke nan duk tsarin a kan amana ya tsaya: abin da idon sama ya nuna maka ya fito tangaran, dole idon ƙasa ya zana shi tangaran a kan fim. Ranar da suka saɓa, kai ba za ka sani ba sai bayan an wanke fim. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Tsarin yana da daɗinsa. Madubin ba ya motsi, don haka babu girgizar da ake ji a kyamara mai ido ɗaya idan madubinta ya ɗaga, kuma hoton ba ya ɓacewa daga allo lokacin da ka danna. Shotar 'yan ganyayyakin ƙarfe ne, ƙararta ba ta wuce ƙas ba. In ka ja igiyar wuya ta ɗame, kana iya ɗauka a kan 1/30 na daƙiƙa hoto ya fito lafiya. Fitilar filasha kuma tana tafiya da kowane gudu na shota. Wahalarsa ita ce gudun ba ya wuce 1/500, a wasu ma 1/300 ne ko ƙasa, sannan hoton da ke allo a juye yake, dama ta koma hagu. Mutum ya gifta ta dama, kai ka bi shi ta hagu. Kowa sai ya sha wannan a makon farko, kuma babu wani suna da za ka saya ya raba ka da shi.

Sai saɓanin gani. Tunda idon sama ya ɗara na ƙasa tsawo da 'yan santimitoci, ba abu ɗaya suke kallo daidai wa daida ba. Daga nesa bambancin ba ya komai. Da ka matso kusa, sai ka yanke wa mutum saman kai ba ka sani ba. Rollei, mai ƙera Rolleiflex, ta magance wannan da wani firam da ke zamewa ƙarƙashin allo yayin da kake murɗa fokas. Da yawa daga masu araha ba su da wannan dabara, sai dai ka saba barin fili a sama.

Kafin a je ga sunaye, a duba fim, don a nan wasu ke fara tafka asara. Fim ɗin da kake so kyamararka ta ci shi ne 120, wanda Kodak ta fito da shi a 1901 kuma har yau ana yin sa. Naɗi ɗaya yana ba da hoto 12, kowanne murabba'i, ana ce masa 6x6 ko da yake ainihin awonsa milimita 56 ne kowane gefe. In ka gwada shi da na fim ɗin 35mm mai 24 da 36, faɗinsa ya ninka sau uku da rabi har da ɗoriya. Wannan faɗin ne sirrin laushin inuwa da yalwar bayani da ake yabo a irin waɗannan hotuna, kuma ko mai arahar cikinsu tana da shi. Amma akwai masu kama da su da ba 120 suke ci ba. Ƙaramar Rolleiflex da Yashica 44 fim ɗin 127 suke ci, mai 4x4, wanda samunsa sai an sha nema. Kodak Duaflex da ire-irenta 620 suke ci, wanda Kodak ta daina yi a 1995. Fim ɗin ɗaya ne da 120, kwarkwaronsa ne ya fi siranta, sai ka sake naɗe shi da hannu a cikin duhu. Ƙari a kan haka, irin su Duaflex kama kawai suka yi da mai ido biyu, idon samansu ba ya nuna fokas. In kuma mai sayarwa yana yi maka kirari cewa tasa tana cin 220 mai hoto 24, kada ka ƙara ko sisi saboda haka, fim ɗin ya yi wuyar samu.

Tambayar da ta cancanci zuwa farko ita ce: ido ɗaya tak zai ishe ka, ko kana son canzawa? Kusan duk masu ido biyu idonsu a kafe yake, 75mm ko 80mm, wanda a wannan faɗin fim shi ne daidai da ganin ɗan Adam, kuma ba sa matsowa kusa da abu fiye da kimanin mita ɗaya. Ita kanta Rollei da ta so ba da wani tsawon ido, sai da ta ƙera kyamara sukutum: Tele-Rolleiflex mai 135mm a 1959, da mai faɗin gani 55mm a 1961. Mamiya ta Japan ce ta bi wata hanya. Tun daga Mamiyaflex C a tsakiyar shekarun 1950, zuwa C220 ta 1968 da C330 ta 1969, ana cire idanun biyu tare a kan farantinsu a sa wasu, daga 55mm, 65, 80, 105, 135, 180 har 250mm. Kowane saiti da tasa shotar, saboda haka in ta lalace ido kawai za ka kai gyara, jikin yana nan. Fokas ɗinta kuma da zuga-zugi yake tafiya, yana miƙewa har idon 80mm ya iya matsowa kimanin santimita 35 daga abu. A C330 akwai wata allura a allo da ke nuna maka inda saman hoto zai yanke, da yawan hasken da za ka ƙara saboda miƙewar zuga-zugin. Mai son hoton ƙananan abubuwa yana haɗawa da wani ƙarfe da ake kira Paramender, wanda ke ɗaga kyamarar a kan ƙafarta har idon ƙasa ya koma daidai inda na sama yake.

Abin da za ka biya a kan duk wannan shi ne wuyanka. C330 da idonta na 80mm ta kai kimanin kilo 1.7, alhali Rolleicord, ƙanwar Rolleiflex, ba ta cika kilo ɗaya ba, Yashica Mat-124G kuma ta ɗan haura kilo. A takarda bambancin kamar ba yawa. Ka rataya ta tun safe zuwa la'asar, sannan ka zo mu yi magana. Mai ɗaukar fuskoki a ɗaki, ko mai aiki a kan ƙafa uku, Mamiya ce tasa, ba na ko tantama. C220 ta fi sauƙin nauyi da sauƙin ciki, sai dai kai za ka riƙa ɗana shota da hannu. Amma wanda abin da ya ja shi tun farko shi ne yawo a titi da 'yar akwati a ciki, yadda mai ɗaukar hoto Vivian Maier ta yi shekaru tana yi da Rolleiflex a Niyok da Shikago, in ya sayi C330 a kabad za ta ƙare.

To in ka tsaya a kan mai kafaffen ido, a nan ne musun sunaye ke da ɗan gurbi. Kamfanin Franke da Heidecke na garin Braunschweig ne ya fito da Rolleiflex a 1929, kuma kusan duk sauran ita suka kwaikwaya. A 1933 ya fitar da ƙanwarta Rolleicord don masu ƙaramin ƙarfi, a 1937 kuma Automat, wadda hannu ɗaya ke naɗe fim ya ɗana shota, ga wasu 'yan rodi biyu da ke jin kaurin inda fim ya fara su tsayar da shi a hoto na ɗaya. Ƙololuwar gidan su ne 3.5F ta 1958 da 2.8F ta 1960. Babu mai musun ingancinsu. Abin tambaya shi ne me ƙarin kuɗin yake saya maka.

Mafi yawansa a gilashin ido yake. Idanun waɗannan kyamarori hawa uku ne. Na ƙasa masu falle uku ne, irin Triotar na tsofaffin Rolleicord, Yashikor na yawancin Yashica-D, da T-22 na Lubitel. Tsakiyarsu da kaifi, gefe kuma yana laushi in an buɗe kafar haske sosai, har bayan hoto ya yi kamar yana juyawa, abin da wasu ke nema da gangan. Na tsakiya masu falle huɗu ne a kan tsarin Tessar da Paul Rudolph ya zana wa Zeiss a 1902: Tessar ɗin kansa, Xenar na Schneider, Yashinon, Rokkor na Minolta, Belar na Flexaret. Na sama su ne Planar da Xenotar masu falle biyar ko shida, waɗanda tun a buɗe suke da kaifi har kusurwa. Gaskiyar da masu kirari ba sa son faɗi ita ce, a kan f/8 ko f/11, wato in an ɗan tsuke kafar haske, inda mafi yawan hotunan rana ke faɗawa, da wuya ka ware hoton Xenar daga na Planar in ba ka buga shi ƙato ba. Tsallaken da ido ke gani shi ne daga falle uku zuwa huɗu. Daga huɗu zuwa sama kuwa, aljihu ya fi ido jin sa. Haka batun f/2.8 da f/3.5, wato iyakar buɗewar kafar haske: tazararsu ba ta kai mataki ɗaya na haske ba, kashi biyu cikin uku ne, amma tana zuwa da ƙarin nauyi da ƙarin kuɗi, har a kayan haɗi. Filta da rumfar ido a nan ba murɗa su ake yi ba, maƙala su ake yi a baki mai lamba I, II ko III. Lamba I, wanda Rolleicord, Rolleiflex T, Yashica da Autocord suka yi tarayya a kai, ya fi yawa ya fi araha. Lamba III na masu f/2.8 kuwa sai ka shirya.

Saboda haka mai farawa, a tsakiyar nan ya kamata ya yi kiwo. Rolleicord V, Va ko Vb mai Xenar ba ta da tarkace a ciki: mamurɗi na naɗe fim, wani ɗan hannu na ɗana shota, shi ke nan, abin lalacewa kaɗan ne. Aibinta allon leƙe mai duhu, musamman a kusurwa, amma ana canza shi, kuma a Vb rumfar leƙen tana cirewa ba sai da sukudireba ba. Minolta Autocord, wadda aka yi daga 1955 zuwa 1966, idonta na Rokkor ba ya jin kunyar kowa, kuma fim ɗinta daga sama yake gangarowa ƙasa, ba ya lanƙwasa a kan rodi kafin a ɗauke shi, don haka yana kwanciya sumul. Lagonta sananne ne: hannun fokas da ke ƙarƙashin ido na gamin tutiya ne, in giris ya daskare aka tilasta shi sai ya karye. In ka samu wadda hannunta ke tafiya da santsi, ka yi dace. In yana da tauri, kada ka gwada ƙarfinka. Yashica Mat-124G ita ce aka fi sani, don an yi ta daga 1970 har 1986, ke nan ta fi waɗancan biyun ƙuruciya, allonta kuma da haske. Sai dai suna ya sa kuɗinta ya wuce na yayyenta, Yashica-Mat da Mat-124, masu ido iri ɗaya. Haƙoran naɗin fim ɗinta ba sa son gaggawa, a juya hannun a hankali. Kuma a Yashica kada a kuskura a ɗana agogon ɗaukar kai alhali maɓallin filasha yana kan M, shota na iya cijewa.

Lubitel ta Leningirad da Seagull ta Shanghai fa? Suna ɗaukar hoto, kuma akwai masu ƙaunarsu. Amma Lubitel ɗan da'ira ne kawai a tsakiyar allonta ke nuna fokas, fim kuma ta jar taga ake ƙirga shi a baya. Wanda ya fara da ita yana iya zaton duk masu ido biyu haka suke da wahala, ya haƙura tun bai ɗanɗana ba.

Ma'aunin haske da ke jikin wasu kada ya shiga lissafinka ko kaɗan. Masu aiki da seleniyam, irin na Rolleiflex F, suna raunana da shekaru. Na 124G an yi shi ne don batirin zaiba mai bolt 1.35 wanda aka daina yi, batirin yau kuma ƙarfinsa ya ɗan ɗara, sai awo ya karkace. Ma'aunin hannu ko manhajar waya ta wadatar.

Mu koma kan amanar nan ta idanu biyu, don ita ce ba a gani a hoton talla. Farantin da ke ɗauke da idanun shi ne ya fi fitowa gaba, shi ke fara shan ƙasa in kyamara ta faɗi. Ya ɗan karkace ko da kaurin takarda ne, gefe ɗaya na hoto ya fito, ɗayan ya dushe. Ko kuma wani ya taɓa kwance idon sama don ya goge, ya mayar ba daidai ba. Ko an canza madubi da mai wani kauri, ko an kifa allon leƙe ta bai-bai. Na taɓa sayen wata mai kyan jiki, fatarta ko ƙwarzane babu, na ɗauki naɗi biyu na fuskoki. Da aka wanke, kunnuwan kowa tangaran, idanu kuwa hazo. Na fi wata ina zargin hannuna kafin na gane idanun kyamarar ne suka raba gari.

Gwajin ba shi da wuya. Ka dube ta ta gefe, ka murɗa fokas gaba da baya, ka ga ko tazarar faranti da jiki ɗaya ce sama da ƙasa, dama da hagu, ba ya rawa ba ya tangaɗi. Ka kai fokas ƙarshensa na nesa, ka leƙi wani abu mai nisa sosai ta tabaron ƙara girma da ke cikin rumfa, ya kamata ya fito daidai a nan, ba kafin nan ba. Sannan ka buɗe baya, ka ɗora ɗan gilashi mai dushi ko takarda mai shara-shara a miƙe a kan layukan da fim ke bi, ka sa shota a B, saitin da ba ta rufewa sai ka saki maɓalli, ka riƙe ta a buɗe, kafar haske a buɗe duka. Abin da ya fito da kaifi a allon sama, shi ya kamata ya fito a takardar. In sun saɓa, mai gyara yana iya daidaita su matuƙar farantin bai lanƙwashe ba. In ya lanƙwashe, ka ajiye ta, ko wane suna ne a goshinta.

Tun da bayan yana buɗe, ka haska tocila ta idon ƙasa. Ƙura kaɗan ba komai, ɗan ƙwarzane a gaba ma da wuya ya nuna. Abin gudu shi ne hazo da ya lulluɓe gilashi, da fumfuna mai kama da saƙar gizo wadda in ta daɗe takan ci fuskar gilashin, da wani ƙyalli mai launin bakan gizo a gefe, alamar gam ɗin da ya haɗa falle biyu ya fara saki. Idon sama kuwa ko da tabo, bai shafi hoto ba, sai dai ya zama hujjar neman ragi. Madubin da ya dushe ma canza shi abu ne mai sauƙi. Shota kuma kunne ke gwada ta: a kan daƙiƙa ɗaya za ka ji zuuu ɗinta ya tafi bai ɗaya ya tsaya. In tana jan ƙafa ko ta tsaya a hanya, tsohon mai ne ya daskare, wanki take so. Wannan ba aibi ba ne babba, amma kuɗin wankin da daidaitawa dole ya shiga cikin farashin tun kafin ka ce ka saya. Da Rolleiflex da ta yi shekara 30 a kabad ba a taɓa ta ba, gara Yashica da ta fito daga hannun mai gyara bara.

A tabbata akwai kwarkwaro marar fim a ciki, don a kansa sabon naɗi zai hau. A kuma tambayi yadda ake ɗora mata fim. A Rolleiflex mai tsarin Automat, sai takardar ta bi ta ƙarƙashin rodin farko, in ba haka ba ƙirga ba zai tashi ba, ka naɗe fim ɗin gaba ɗaya a banza kana zaton kyamara ta mutu. A Yashica da Rolleicord na baya-baya kuwa, kibiyar da ke jikin takarda ake kaiwa daidai alama kafin a rufe.

In mai sayarwa ya yarda da sharaɗin mayarwa, naɗin farko na gwaji ne, ba na ajiya ba. Ka jera abubuwa a kan tebur, ɗaya bayan ɗaya, ka saita fokas a kan na tsakiya daga mita ɗaya, kafar haske a buɗe duka. Ka ɗauki bango mai rubutu kana fuskantarsa sak, don ka gwada kusurwoyi huɗu. Ka ɗauki abu mai nisa. Ka ɗauki wuri ɗaya da gudu daban-daban kana rama wa da kafar haske, duhun hotunan ya kamata ya zo ɗaya. Ragowar ka fita da ita rana tsaka, ka bar hasken ya bugi bayanta da gefunanta. Idan an wanke, kada ka tsaya a kan hotunan da aka saka a kwamfuta, ka karɓi fim ɗin kansa ka ɗaga shi a haske. Ka ƙirga hotuna 12 cif, ka duba tazarar da ke tsakaninsu ko wani ya hau kan wani, ka duba gefuna ko akwai baƙin tabo inda haske ya sato hanya, sannan ka sa tabaro a kan abin nan na tsakiyar tebur ka ga ko shi ne ya fito, ko na bayansa.